Takardar da Ta Ce Lafiyata Lau

Shekarun baya, bakwai ke nan ko takwas, bayan rasuwar maigidana da shekara guda da 'yan watanni, ɗana na fari ya aiko a ce mani in shirya, za a kai ni awo Dutsin-Ma. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ɗauke ni. Autata ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗi, kuma na gaya mata in ta ƙara gishiri zan sani, don sai na sa wani ya karanta mani.

Na ce ya aiko, saboda ni da shi ba mu saba magana baki da baki ba. Yaran yanzu ba lalle su gane ba. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ki faɗin sunanshi, ba ki yi mashi wasa a gaban mutane, in an yabe shi ki yi kamar ba ki ji ba. Ina yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa Kurfi, a hannunta ya tashi. Bai taɓa ce mani Inna ba. Yaya yake ce mani, yadda ya ji ƙannena na faɗi. Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce "yayanku", ko "wancan na Dutsin-Ma". A lokacin ya haura hamsin, malamin makaranta ne, furfura ta fara cin gemunshi, amma bai taɓa jin sunanshi a bakina ba. In ya zo Wurma gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in juya fuska wajen bango.

"Kun zo lafiya? Ya yaran?"

Shi ke nan hirarmu. Ba ƙi ba ne. In ya tafi ina tsayawa bayan danga ina sauraren ƙarar babur ɗinshi har ta ɓace.

Dalilin awon kuwa, babansu ne. A gona ya faɗi, ana cikin yankan gero, kafin a kai shi asibiti bakinshi ya karkace, kwana biyu Allah ya yi mashi cikawa. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinshi ba wanda ya sani, don bai taɓa miƙa hannu an auna ba. Wannan maganar ta tsaya wa yaron a rai. Ya ce wa ƙanwarshi ba zai sake zama yana kallo ba, duk abin da ake aunawa a jikin tsoho sai an auna mani, daga kai har tafin ƙafa.

To, ni an san ni a unguwarmu da sa ido. Ban ɓoye ba. Ina sanin akuyar da ta ɗauki ciki kafin mai ita ya sani. Amarya in ta shigo gari, daga yadda take ɗaukar tulu nake gane wata nawa. Yarinya ba ta isa ta tsaya surutu bakin rijiya ba in ina waje. Wadda ke kallon jikin mutane haka, nata ba zai ɓace mata ba. Wata uku kafin saƙon nan ya zo, ina wanka, hannuna ya taɓa wani abu a nonona na dama. Ƙarami, kamar ƙwayar gurjiya, mai tauri, ba ya ciwo. Na danna, bai motsa ba. Na gama wankana na fito, ban gaya wa kowa ba.

Shi ya sa da saƙon ya zo, a fili na yi ta faɗa. Na ce mutum lafiyarshi lau a ce sai an je an tono mashi ciwo, wannan wane irin neman magana ne? Amma a zuciyata daɗi na ji. Na ce Allah ya kawo mani sauƙi. Na ji ana cewa na'urorin asibiti har abin da ke cikin ƙashi suna gani. To su gani da kansu, su faɗa, ba sai na buɗe bakina ba.

Ranar, an ce kada in ci komai. Ya zo da motar abokinshi da sassafe, ya zauna gaba, na zauna baya. Daga Wurma har Dutsin-Ma da direba yake magana. In yana so ya san ko iska ta dame ni sai ya ce, "A ɗan ɗaga gilashin baya ko?" Ni kuma in ce wa direban, "Bar shi haka."

Wani ƙaramin asibiti ne na kuɗi, da darbejiya babba a bakin ƙofa. Yarinyar da ke rubuta suna ta tambaye ni sunana, na faɗa. Shekaruna, na ce ta rubuta abin da ta gani. Sai ta ce, "Mama, sunan wanda ya kawo ki fa?"

Na hau gyara mayafi.

Ta sake tambaya da ƙarfi, ta ɗauka kunne ne. Shi ya matso ya faɗi sunan da kanshi. Ta dube ni, ta dube shi, ta yi dariya.

"Au, na fari ne? Yi haƙuri, Mama. Kakata ma haka take."

Na ce, "Kakarki ta san abin da take yi."

Daga nan aka shiga yawo da ni ɗaki ɗaki. An ɗora ni kan sikeli kamar buhun wake. An naɗa mani wani abu a dantse, ya yi ta matsa har na ce wa yarinyar in fushi take da ni ta faɗa. An ɗebi jini kwalba uku. An ba ni wata 'yar roba aka ce in kawo fitsari, kuma hanyar bayin ta gaban bencin da yake zaune ta bi. Na cusa robar a ƙarƙashin mayafi na wuce kamar wadda ta saci ƙwai. Shi kuma ya duƙar da kai yana danna waya, alhali na san ba abin da yake karantawa.

A ɗakin ido ne kawai na ji daɗi. Da suka ga ban san baƙi ba, sai suka kawo wani allo mai zane kamar cokali mai yatsu, aka ce in nuna inda yatsun suka kalla. Na yi ta nunawa har layin ƙasa, waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba. Mutumin ya cire tabaraunshi ya goge, ya ce, "Hajiya, idonki ya fi nawa." Na ce ai da shi nake aiki.

An leƙa kunne, an leƙa baki, an ƙirga haƙoran da suka rage. Kafin azahar na gaji liƙis, ga yunwa, ga ƙafa ta yi nauyi. Duk ɗakin da na shiga sai in ce yanzu ne za su gani. Ba wanda ya ce komai.

Ɗakin ƙarshe na likita ne, mace, ba ta fi sa'ar autata ba. Ya shiga tare da ni don shi ke riƙe da takardun, ya zauna kan kujera kusa da ƙofa. Ta gaishe ni da ladabi, ta ɗauki biro ta fara tambaya. Sau nawa nake tashi fitsari. Yaya bayan gida. Ko ina ganin jini. Duk a gabanshi. Kowace tambaya in ce "lafiya lau" ko "babu", idona na kan tayil ɗin ƙasa.

Sai ta ce, "Mama, akwai wani ƙari ko kumburi da kika taɓa ji a jikinki? A wuya, ko hammata, ko nono?"

Na ji kujerarshi ta yi ƙara, ya gyara zama.

Na ce, "Babu."

"To hau gadon nan in duba ki da hannu. Minti biyu ne." Ta juya wajenshi. "Malam, ɗan ba mu wuri."

Ya miƙe da sauri, har takardun suka zube. Gaskiya zan faɗa, ba laifin yarinyar nan, ba laifinshi. Hanya ta buɗe mani. Amma kafin ya gama tsince takardun na riga na yi lissafina. In ya fita ta duba, za ta ji abin. In ta ji, shi za ta kira. Za ta zaunar da shi a gabana ta ce mashi nonon uwarka kaza da kaza, ya amsa, ya yi tambaya, a yi ta juya kalmar tsakanina da shi. Shekara hamsin ina kare fuskata daga yaron nan, a ce rana ɗaya a tuɓe ni a bakin wata yarinya? Kuma ai sun ɗebi jini. In akwai abu, jinin zai faɗa.

Na ce wa likitar, "Ce mashi ya zauna. Mun gama."

"Mama, wannan yana cikin awon."

"Ni na san jikina. Ba abin da za ki duba."

Ta ajiye biro. "Jini ba ya nuna komai da komai. Akwai abin da sai an taɓa, akwai wanda sai mai jiki ya faɗa."

Na ce, "Na faɗa ai. Babu."

Irin kallon da nake yi wa yaran unguwa na yi mata. Ta dubi ɗana, shi kuma ya ce a hankali, "Likita, in ba ta so a bar ta." Ladabi ne ya yi mani. Ta rubuta wani abu a takardar, muka fito. A hanya ya saya mani fura da nono, ya miƙa wa direba, direba ya miƙo mani.

Bayan kwana uku ya zo Wurma da kanshi. Tun daga sallamarshi na san da murna ya zo. Ya durƙusa bakin ƙofa ya karanta mani: suga daidai, ƙoda daidai, hanta daidai, jini ya ɗan hau kaɗan, a rage gishiri da kanwa.

"Yaya, sun ce kin fi ni lafiya."

Na ce wa bango, "Alhamdu lillahi."

Ya sa an manne takardar da leda don kada ruwa ya taɓa ta. Ranar Juma'a ya sa aka soya ƙosai aka raba sadaka har maƙwabtan gari. Mata suna shigowa yi mani barka kamar na dawo daga Makka.

Abin da zai ba ku dariya, ni ma na fara yarda. In na taɓa wurin na ji abin, sai in buɗe kwalla in ɗauko takardar in yi ta kallo. Ni da ban san ko a juye na riƙe ta ba. In ce, to ga hatimi, ga sa hannu, masu ilmi sun duba jini sun ce ba komai, ke wace ce? In mayar in rufe. Kwana biyu hankalina ya kwanta, rana ta uku hannuna ya koma wurin.

Haka rani ya wuce. Gurjiya ta zama goro, goro ya tasar wa ƙwan zabuwa. Fatar wurin ta fara lotsawa. Na shafa man shanu, na gasa da tsumma mai ɗumi, na sha jiƙon saiwar da wata mai magani ta ba ni a kan cewa wata ce ta aiko ni. Hannun dama ya fara nauyi. Na daina daka, na ce girma ne. Na daina zama da ɗaurin ƙirji ko ana zafi kamar wuta, kullum da riga. Ba wanda ya lura. Duk gidan ni ce mai lura, kuma na horar da su kada su kalle ni da yawa.

Da damina ta zauna, aka yi suna a Shema, gidan taubashiyata. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara ba kunya tsakaninmu, abin da ta ga dama take gaya mani, ni ma haka. Daddawa take yi, bakinta kuwa ya fi daddawar ƙarfi. Duk dangi sun hallara, ɗana ma ya zo, yana waje cikin maza.

Ina shiga gidan ta hango ni daga bakin murhu.

"Jama'a ku rufe tukwane, ga mai gadin Wurma ta iso! Yanzu za ta ƙirga naman ta ce an saci biyu."

Na ce, "Ke dai tun daga bakin gari warinki ya tarbe ni. An yi suna ma ba za a yi wanka ba?"

"Wankan me, mijin wa zan ƙwace? Zo nan, tsohuwar da likita ya ce ta fi saurayi lafiya. Mu ga ƙarfin!"

Ta taho da gudunta na tsofaffi ta rungume ni, ta haɗa ni da ƙirjinta ta matse, yadda muke yi tun muna 'yan mata. Ban san lokacin da ƙara ta fita daga bakina ba. Sai ga ni zaune a ƙasa cikin laka, na dafe gefen dama. Mata suka yi ca. Wata na cewa jiri ne, wata na cewa a kawo ruwa.

Ita kuwa dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta kama hannuna na hagu ta tashe ni, ta ce wa matan, "Ku koma aikinku, santsi ne." Ta ja ni ɗakinta ta saki labule.

"Cire."

"Ke, ba na son..."

"Cire, ko in yaga. Kin san ni."

Na cire. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa biyu ta taɓa a hankali, ita da ba ta iya yin komai a hankali ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

"Tun kaka. Ba ke aka kai awo ba? Ba ƙosanki na ci ba?"

"Takarda ta ce lafiya lau."

"Takardar ta taɓa nan?"

Na kai hannu zan ɗauki rigata.

"Magana nake. Sun duba nan?"

Na ce, "Yana zaune a ɗakin."

Ba sai na ƙara ba, ita ma tana da ɗan fari. Ta zauna bakin gado ta riƙe kai. Can ta ɗago.

"Wallahi ban taɓa sanin ke sakarya ce ba sai yau. Kin iya ganin cikin akuyar mutane. Yaron nan ya binne ubanshi bai huce ba, ya kwashe ki ya kai inda za a duba, kika je kika yi masu ƙarya, kika bar shi yana rabon ƙosai. So kike ya binne ki da takarda a aljihu?"

Na ce, "Rufa mani asiri. Bayan suna sai mu san yadda za a yi, a gaya wa ƙanwarshi, ita ta..."

"A gaya wa wannan ta gaya wa wancan, kafin magana ta isa an yi girbi. Ni ba ɗana na fari ba ne."

Ta ɗaga labule ta aika a kira shi. Na roƙe ta, na zage ta, na ce in ta yi haka ba ni ba ita. Ta ce ta ji. Na mayar da rigata, na ja mayafi na rufe har fuska, na juya wajen bango. Na ji takunshi, na ji ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ga ni."

Ba ta yi kwana ba. "Uwarka na da ƙari a nono. Na dama. Ya kai ƙwan zabuwa. Gobe ka mayar da ita asibiti."

A waje ana ta guɗa, ana kiɗan ƙwarya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ya ce, "Yaushe ya fito?"

"Tun kafin ka kai ta awo."

Sai na ji ya zauna daɓas a ƙasa, babban mutum da manyan kaya, a bakin ƙofar da ruwa ya jiƙa. Da ya yi magana ba da ita ya yi ba.

"Yaya. Likitar ta tambaye ki. Ina ji."

Na ƙara jan mayafi a fuska.

"Ni ne na ce a bar ki."

Wannan ita ce maganar da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirji, a gefen da babu komai yanzu. Na so in ce mashi ba laifinka ba ne. Bakina ya ƙi. Taubashiyata ce ta ce, "Tashi, kai ba ka yi komai ba. Taurin kai ne, a gidanmu ta gado shi. Je ka nemo mota."

Washegari muka koma wurin likitar nan, mu uku. Da muka isa bai shiga ba. Ya miƙa wa taubashiyata takardun, ya zauna gindin darbejiya. Likitar ta gane ni. Na shirya jin faɗa, don da ni ce ita sai na yi. Ba ta yi ba. Ta duba, ta wanke hannu, ta ce, "Mama, Katsina za ku tafi, kuma a satin nan."

A Katsina aka ɗauki hoto, aka tsaga aka ɗebi ɗan nama, aka ce mu dawo. Muka dawo aka ce mu sake dawowa. Hanyar nan na san kowane rami nata. Daga ƙarshe suka ce ciwon daji ne. Babban likitan ya ce da tun yana ƙarami aka zo, wataƙila shi kaɗai za a cire. Yanzu kam sai dai a cire nonon duka. Na ce su cire, ya gama aikinshi tun tuni. A fili ke nan. A zuci ina ƙirga watannin da na yi ina kallon takarda.

Taubashiyata ta bar daddawarta ta zo jinya. Ranar aikin, abin da na sani shi ne an sa mani wani abu a hanci an ce in yi ƙirga. Sai farkawa na yi na gan ta zaune tana cin gyaɗa, tana yi mani wani irin murmushi da ban yarda da shi ba.

"Sannu, mara kunya."

Na ce da ƙyar, "Me kuma na yi?"

"Me kika yi? Ana turo ki daga ɗakin aiki, ido a rufe, kika buɗe baki kika kira sunan ɗanki na fari. Ba yayanku ba, ba na Dutsin-Ma ba. Sunanshi na yanka. Sau uku, har masu shara sun ji."

"Ƙarya kike."

"Na rantse da wanda ya yi ni. Shekara hamsin kina riƙo, allura ɗaya ta kwance ki. Da na sani tun tuni na sayo ta."

Na ce, "Yana ina?"

"Yana gefen gadon yana turawa. Duk sau ukun ya amsa. Na'am, na'am, na'am, kamar yaron da aka aika. Sannan ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba."

Na ja zane na rufe fuska. Ta ce in rufe da kyau, ta riga ta gaya wa mutanen Shema ta waya.

Abin da ya biyo baya ba na son dogon bayani a kanshi. Ƙarin ruwan magani wata bayan wata, amai, gashi ya zube har na koma kamar ƙwarya, abinci ya zama kamar toka a baki. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Akwai ranar da na ce a bar ni haka nan, taubashiyata ta ce in na mutu ita za ta yi mani wanka kuma da ruwan daddawa, sai na tashi na shiga mota. Allah ya sa da sauran kwana. Gashin ya dawo, fari fat. Hannun dama har yau ba ya ɗaga taɓarya.

Takardar nan tana cikin kwalla har yanzu. Da na sa autata ta karanta mani ita daga sama har ƙasa, ashe a can ƙarshe likitar ta rubuta cewa ba a duba ƙirji ba, mai jiki ta ƙi. Shi ya gani tun ranar, ya ɗauka kunyar tsofaffi ce kawai, bai karanta mani wurin ba don kada ya ba ni kunya. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Abin da na ba su shi suka auna.

Ba zan ce maku a zubar da kunya ba. Da ita aka raine ni, da ita zan mutu, kuma gidan da babu ita ba na son zama cikinshi. Amma ku masu kai iyayenku awo, ku kai su, yana da kyau, sannan ku tsaya waje. Ku haɗa tsohuwa da wadda ba ta jin nauyinta, ƙanwarta ko taubashiyarta, mai bakin da zai iya cewa ƙarya take. Yanzu a Wurma in za a kai wata tsohuwa asibiti ni ake kira. Ina shiga da ita, in ɗan ya biyo mu da takardu in karɓe in ce, "Kai, waje." In likita ya yi tambaya ta ce babu, in ce, "Sake tambayarta, na ga yadda take zama." Sa idon dai bai bar ni ba, wurin aiki ya canza.

Maganar suna kuwa, ni ban tuna ba, kuma ban sake ba. Shi ma bai taɓa tayar da ita ba. Taubashiyata ce kawai ba ta gajiya, duk taron dangi sai ta kwaikwayi muryata.

Duk shekara yana zuwa ya kai ni a sake dubawa. Yana gaba, ina baya. In mun isa ya zauna gindin darbejiyar nan da carbinshi. In na fito ya miƙe, ba ya tambayar likita, ba ya tambayar ƙanwarshi.

"Yaya, me suka ce?"

Sai in juya in kalli katangar asibitin, in gaya mashi duka.